Yadda ake tantance siliyet na teku ta hanyar siffa da DNA

Siliyet wasu ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya tal, jikinsu da gashi-gashi da suke kaɗawa suyi iyo su kuma janyo abinci zuwa baki. Duk wanda yayi bayoloji a sakandare ya san Paramecium, toh danginsa ne, sai dai shi ɗan ruwan daɗi ne, namu na yau kuma na ruwan gishiri. Abin da ya ware su daga sauran ƙananan halittu shine nukiliyos, wato cibiyar ƙwaya inda DNA yake, iri biyu da suke dashi, babba mai tafiyar da rayuwar yau da kullum, da ƙarami wanda aikinsa na gado ne. A tsarin da Denis Lynn ya fitar a 2008 an kasa su aji 11, daga baya ma an ƙara wasu.

Tun kafin mu shiga aikin ka riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya: hoton da zaka ɗauka, da silaid ɗin da zaka rina, da DNA ɗin da zaka cire, dole su fito daga halitta iri guda wadda ka tabbatar iri guda ce. In ka ɗauki hoton wannan ka cire DNA na maƙwabcinsa toh aikin ya lalace tun daga tushe, kuma babu kwamfutar da zata gyara maka.

Ɗebo samfur

A Najeriya sai ka gangara kudu, bakin teku a Legas ko Kalaba, kuma akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island ga mai neman inda zai jingina. Wanda ke Port Sudan kuma Bahar Maliya na gabansa. Ruwan teku yawanci gishirinsa wajen giram 35 ne a lita, na Bahar Maliya yakan kai 40, na lagun ɗin Legas kuwa yana hawa yana sauka ne da damina da rani. Don haka ka tafi da abin auna gishiri, rifiraktomita, ka auna a wurin nan take ka rubuta, haɗe da zafin ruwa da pH da lambobin GPS da kwanan wata. Mutane suna raina wannan rubutun amma in ka zo kwatanta naka da na wani da aka samo a wata ƙasa zaka nemeshi ido rufe.

Inda kake nema shi zai gaya maka yadda zaka ɗebo. Masu yawo a cikin ruwa irin su Strombidium da tintinid (masu gina wa kansu kwanso) ana jan raga ne mai ramuka maikiromita 20 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Masu manne wa abu kuma, sai ka rataya silaid na gilashi a cikin ruwa wajen mita ɗaya ka barshi sati ɗaya zuwa kwana goma su zo su zauna da kansu, masu bincike na jami'ar Ocean University of China da ke Qingdao sun daɗe suna amfani da wannan dabarar. Na cikin yashi sune masu wahala, dogaye ne sirara irin su Trachelocerca, suna maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi kuma da ka matsa musu sai su fashe. Akwai dabarar Uhlig ta 1964: ka samu bututu ka ɗaure ƙasansa da ragar nailon, ka zuba yashin, ka ɗora auduga, sannan ka ɗora ƙanƙarar ruwan teku a sama, ƙasan bututun kuma yana taɓa tataccen ruwan teku a cikin faranti. Ƙanƙarar tana narkewa tana gangarowa da sanyi da canjin gishiri, su kuma sai su gudo ƙasa su faɗo cikin farantin.

Kar ka cika kwalba maƙil, kar ka barta a rana ko cikin but ɗin mota. Ka duba samfur ɗin ranar da ka ɗebo in da hali, saboda bayan kwana biyu-uku wasu sun mutu wasu kuma da basu da yawa sun mamaye kwalbar.

Ware ɗaya ka raineshi

Ka ɗauki fifet na gilashi ka ja bakinsa a kan wuta har yayi siriri sosai, da shi zaka riƙa tsinto su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin maikiroskof na tsinta. Hannu sai ya saba, ranar farko kam zakayi ta tsotso iska ne. Ga wanda yake Kano ko Zariya ko Maraɗi ba teku kusa, yayi ta gwaji da ruwan kududdufi, akwai Paramecium da Vorticella a ciki, hannun ɗaya ne.

In ka kamo ɗaya sai ka wanke shi, wato ka riƙa matsar dashi daga ɗigon tataccen ruwan teku zuwa wani ɗigon sau uku zuwa biyar, ruwan da aka tace da matata mai maikiromita 0.22. Daga nan ka sakashi shi kaɗai a ƙaramin faranti ka jefa ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu. Ba shinkafar yake ci ba, bakteriya ce take tsirowa a jikinta shi kuma ya ci bakteriyar. In Allah ya taimakeka ya fara rabuwa biyu, huɗu, takwas, toh ka samu zuri'a daga ƙwaya ɗaya, kuma wannan ne ya fi komai kwanciyar hankali domin duk wanda ka ɗauka a farantin nan ka san ɗan gida ne. Euplotes da Uronema suna da sauƙin raino. Tintinid da na cikin yashi kuwa yawanci basa yarda, su sai dai ka ɗauki hoton ƙwayar da ranta sannan ita ɗin dai ka saka a bututun DNA, sauran masu kama da ita sak kuma ka rina.

Kallonsa da rai

Nan ne gaggawa take cutar da mutane. Kowa Allah-Allah yake ya kai ga PCR, wato matakin ninka DNA ya yi yawa a iya karantawa, alhali akwai abubuwan da in halittar ta mutu shikenan sun tafi: launi, yadda take iyo, ko tana lanƙwasa ko ƙanƙararriya ce, ƙananan ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fata da launinsu da yadda suka jeru, inda jakar fitar da ruwa take in akwai (na teku da yawa basu da ita), tsawon gashi, da abin da ta ci. Fara da ƙaramin girma ba tare da murfin gilashi ba, ka ga asalin siffarta da tafiyarta. Sannan ka ɗiga baselin a kusurwoyi huɗu na murfin ka ɗora, ka riƙa dannawa a hankali har ta kasa gudu amma bata baje ba, sai ka hau girma 400 har 1000 da mai. In maikiroskof ɗinku yana da DIC, tsarin hasken da ke fito da siffar abu mai rai ba tare da rini ba, toh kun more. Awon tsawo da faɗi ka yi shi kafin ka danna, domin wadda aka danne ta ƙara faɗi na ƙarya. Ka ɗauki bidiyo ko da wayarka ce a bakin madubin, kuma kayi zane da hannu, zanen yana tilasta maka ganin abin da hoto zai bari ya wuce ka.

Rini da azurfa

Asalin shaidar siffa a wurin masu wannan ilimi ba gashin bane, tushen gashin ne, wato yadda gindin kowane gashi ya jeru layi-layi a jiki da kewayen baki. Ba'a ganinsa da kyau sai an rina da sinadarin azurfa, kuma babban rinin shine furotagol, hanyar Wilbert ta 1975 ita aka fi bi ga na teku. Akwai lokacin da kamfanonin da ke yinsa suka daina, shi yasa a 2013 Pan da Bourland da Song suka wallafa yadda ake haɗa shi a lab, yanzu labs da yawa nasu suke haɗawa.

A taƙaice haka yake tafiya. Ka tara ƙwayoyi da yawa, kamar hamsin ko fiye domin wasu zasu ɓace a hanya, ka kashe su a ruwan Bouin, wanda haɗi ne na fikirik asid da fomalin da asetik asid kashi 15 da 5 da 1. Ka wanke har launin ruwan ɗorawa na Bouin ɗin ya fita. Sai wankin fari da sodiyom haifokulorait da aka tsinka sosai, eh shine dai sinadarin da ke cikin Hypo da Jik na wanki. Wannan matakin shine mai raba gardama, kana kallo ta maikiroskof har ƙwayoyin su ɗan yi haske su ɗan kumbura, in ka gaza rinin zai fito baƙi ƙirin baka ganin komai, in ka zarce kuma su narke a gaban idonka. Ka sake wankewa da kyau, ka zuba furotagol wajen kashi 1 cikin ɗari ka saka a ɗumi wajen digiri 60, sannan ka ɗiga ruwan fito da launi kana kallo. Kamar lalle ne, akwai lokacin da ya kama daidai, in ka bari ya wuce ya ƙone. Da ka ga layukan sun fito ruwan ƙasa-ƙasa nukiliyos ya bayyana sai ka tsayar da sodiyom tayosalfet, ka wanke, ka manna su a silaid da ruwan farin ƙwai da gilisarin, ka bi dasu ta alkohol daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, sai zailin, sai ka rufe da gam ɗin silaid. Kar ka damu in karo na farko da na biyu basu yi ba, kowane iri da lokacin da yake so.

Wasu irin sai ka ƙara da rinin silba naitiret don ganin zanen raga-raga da ke fatarsu. Akwai busasshiyar hanyar Klein mai sauƙi, amma bata yi wa na teku kyau saboda gishiri yana kama azurfar ya ɓata silaid, don haka sai jiƙaƙƙiyar hanyar Chatton da Lwoff. Hattara fa, ita wannan ana amfani da osmiyom a cikinta kuma tururinsa yana lahanta ido, sai a cikin akwatin zuƙe iska. Fikirik asid ma in ya bushe yana iya fashewa, kar a bar kwalbarsa ta ƙafe.

Ƙirga da awo

Ka zaɓi ƙwayoyi 15 zuwa 25 da suka rinu da kyau waɗanda basa cikin rabuwa, ka auna ka ƙirga komai, ka fitar da mafi ƙaranci da mafi yawa da matsakaici da yadda suka bambanta. Mu ɗauki Euplotes tunda shi zaka fi saurin samu. A cikinsa gashin ya dunƙule ya zama ƙafafu da yake tafiya dasu a kan abu, sai ka ƙirga na gaba da ciki (a yawancin iri 9 ne ko 10), na kwance a baya (yawanci 5), da na wutsiya. Ka ƙirga faifan gashin da suka kewaye baki, ka juya bayansa ka ƙirga layukan gashi, ka duba siffar babban nukiliyos ko ya lanƙwasa kamar C ko kamar 3, sannan zanen ragar baya, tsakanin layi da layi jeri ɗaya ne ko biyu ko fiye. Curds ne ya tsara wannan rabon na zanen baya a 1975 kuma har yau dashi ake farawa.

Toh a nan ne zaka ga iyakar ido. Euplotes vannus da Euplotes crassus da Euplotes minuta duk na teku ne, duk ƙafafu 10 a gaba 5 a kwance, duk zanen baya jeri ɗaya, bambancin yana wajen girma da yawan faifan baki ne kuma lambobin sukan shiga juna, an daɗe ana rikita vannus da crassus. Kama da wane bata wane. Tintinid kuma nasu rikicin ta ɗaya gefen ne, an raɗa wa iri sama da 1000 suna bisa siffar kwanson da suke ginawa kawai, yawanci daga ayyukan Kofoid da Campbell na 1929 da 1939, sai gashi a 1981 Laval-Peuto ta raini Favella ehrenbergii ta ga yana gina kwanso fiye da iri ɗaya, har da wanda a da ake kira da sunan wani jinsi daban, Coxliella. Kaga ga masu kama ɗaya da ba ɗaya ba, ga kuma ɗaya mai kama biyu.

Cire DNA

Ƙwayoyin da zaka cire wa DNA ka ware su ne tun kafin Bouin, fomalin yana lalata DNA. Ka ɗauki ɗaya zuwa biyar daga zuri'arka, ka barsu da yunwa a tataccen ruwa na wasu awanni ko kwana guda su narkar da abin da ke cikinsu, in ba haka ba sai ka karanto DNA na abincinsu ka zata nasu ne. Strombidium ma wasunsu ajiye kulorofilas, wato koren sashen da ke haɗa abinci da hasken rana, na algen (ƙananan tsirran ruwa) da suka ci suke yi a jiki. Ka sake wankewa, ka saka a bututu da ruwa kaɗan iya yadda zaka iya, gishiri yana hana PCR tafiya. Mutane da yawa suna amfani da kit ɗin cire DNA mai suna DNeasy Blood & Tissue na Qiagen su rage yawan ruwan haɗin tunda ƙwaya ɗaya ce. In wuta bata tsayawa a inda kake kar ka dogara da firiza, ka ajiye a ruwan fasa ƙwaya na kit ɗin ko itanol mai ƙarfi har ka kai inda za'ayi aikin. Kar ka ji tsoron cewa ƙwaya ɗaya tayi kaɗan, siliyet suna da kwafin jinin (gene, wato yankin DNA mai aiki guda, ba jinin jiki ba) rDNA dubbai a ƙwaya guda, wasu ma har dubu ɗaruruwa.

Jinin da ake farawa dashi shine 18S, wasu su ce SSU, tsawonsa wajen harafin DNA 1700 zuwa 1800, da firaimomi (gajerun guntayen DNA masu nuna inda ninkawa zata fara) EukA da EukB na Medlin da abokan aikinta na 1988. Ka samu enzayim mai ƙarancin kuskure irin Q5, zagaye kamar 35, kuma dan Allah ka saka bututu ɗaya da babu DNA a ciki sai ruwa, in shima ya fito da layi a jel, inda ake duba sakamakon PCR, toh gurɓata ce ka zubar ka sake. In layi ɗaya ya fito tsaf a inda ake tsammani sai ka tura a karanta da hanyar Sanger gaba da baya, da firaima na tsakiya domin karatu ɗaya baya cinye tsawon. Ka buɗe kuromatogiram ɗin, wato zanen tsaunuka da na'urar karantawa take fitarwa, ka duba da idonka, in ka ga tsauni biyu a wuri ɗaya akai-akai akwai yiwuwar iri biyu ne ka haɗa.

18S yana canzawa a hankali ne, yana da kyau wajen gane aji da dangi da jinsi, amma iri biyu na kusa zasu iya bambanta da harafi biyu-uku ko ma babu. Shi yasa in abin ya matse sai a ƙara wasu yankunan DNA masu saurin canzawa, ITS da 28S, ko cox1 na maitokondiriya (sashen ƙwaya mai samar da kuzari) wanda yayi aiki sosai wajen raba irin Tetrahymena. Masu zama a taɓon da babu iska irin su Metopus kam manta da cox1 a wurinsu, basu dashi.

BLAST da bishiyar dangantaka

Ka saka jerin haruffan DNA da ka samu a BLAST, manhajar neman makamancinsa a GenBank, rumbun jerin DNA na intanet. Abin da zai baka shine wanda ya fi kusa da naka cikin abin da aka taɓa sakawa, ba sunan halittarka ba, kuma daga gaɓar Afirka ta Yamma abin da aka saka kaɗan ne in aka kwatanta da Sin da Turai. Ka ga 99% kar kayi murna tukuna, babu wani adadi da aka yarda cewa daga nan iri ɗaya ne. Ka buɗe kowane jeri ka duba waye ya saka, akwai takarda da hoto da rini a bayansa ko kuwa suna kawai aka liƙa. Ni a ganina jerin da bashi da bayanin siffa bai kamata ka gina hukunci a kansa ba, ka iya sakashi a bishiya amma ka san matsayinsa.

Sauko da jerin danginsa na kusa da wasu na nesa kaɗan da zasu zama tushen bishiya, ka jera su da manhajar MAFFT ko MUSCLE, ka datse bakin farko da na ƙarshe su daidaita. Bari ModelFinder ya zaɓa maka model, wato tsarin lissafin yadda haruffan ke canzawa, sau da yawa GTR+I+G ne yake fitowa. Gina bishiya ɗaya da IQ-TREE ko RAxML da butstiraf 1000 (maimaita lissafin don gwada ƙarfin kowane reshe), wata kuma da MrBayes ka zubar da kashi 25 cikin ɗari na bishiyoyin farko da ya fitar. Reshen da duka biyun suka yarda dashi da lamba mai ƙarfi, butstiraf sama da 90 da kuma 0.95 ko fiye a MrBayes, shi zaka iya magana a kansa. Mai 50 ko 60 kar ka rubuta masa labari.

Haɗa shaidun biyu

In siffa ta dace da bayanin asali na wani iri, DNA ma ya zauna kusa dashi, toh ka saka sunan. In siffa ta dace amma DNA yayi nisa, koma kan silaid ka sake ƙirga, ka kuma binciki ko jerin da ke GenBank ɗin ne aka yi wa suna ba daidai ba, sai in duka sun tsaya sannan ka fara tunanin ɓoyayyen iri. In kuma DNA ɗaya ne siffa ta bambanta, duba ko yunwa ce ko gishiri ko wani mataki na rayuwa, ka ƙara jini mai saurin canzawa kafin kace komai. Ba kullum DNA ke bin bayan ido ba. A 1995 Borror da Hill sun raba Euplotes gida huɗu bisa siffa, bishiyoyin 18S basu goyi bayan rabon gaba ɗaya ba, yawancin masu bincike suka ci gaba da kiransu Euplotes. Haka Stentor da Condylostoma, da can ana haɗa su da su Euplotes saboda faifan baki, daga baya ya bayyana sun fi kusa da su Trachelocerca na cikin yashi.

In baka tabbata ba akwai hanyar faɗa a cikin sunan: ka rubuta cf. kafin sunan irin da yake kama dashi, ko sp. bayan sunan jinsi. In kuwa ka gamsu sabon iri ne, dokar raɗa wa dabbobi suna ta duniya, ICZN, ce take aiki a kan siliyet, sai ka zagaye ƙwaya ɗaya a silaid ta zama abin misali, ka ajiye silaid ɗin a gidan adana da kowa zai iya nema ya duba irin Natural History Museum na Landan, ka saka jerin a GenBank ka karɓi lambarsa, kuma in mujallar ta intanet ce kaɗai sai anyi rajista a ZooBank, rajistar sunaye ta ICZN, haka dokar take tun 2012. Kafin ka fitar da samfur ko DNA zuwa wata ƙasa kuma ka nemi izinin hukumar da abin ya shafa a ƙasarku, saboda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan amfani da albarkatun halittun ƙasashe, mujallu da dama suna tambayar takardar.